Madubin Royce da Jakin Surukinsa

Shekara biyu ke nan da Royce Haugen ya auri Marnie, ya bar aikin gyaran taya a gari ya dawo gonar tumakin ubanta a gabashin Montana, amma har yanzu in tsohon zai kira shi sai ya ce "ɗan birni". Shi kuwa Royce bai taɓa iya kiran sunan surukinsa kai tsaye ba. Duk gari Orv ake ce masa, shi kaɗai ne ke cewa Mista Bekken.

Orville Bekken ba mugun mutum ba ne, magana ce dai ba ta da yawa a bakinsa, yabo kuma ya fi maganar wuyar fita. A farkon bazarar nan, da gwiwoyinsa suka fara ƙin hawan tudu, ya tsaya bakin shinge ya nuna makiyayar kudu da haɓa.

"Tumaki ɗari biyu ne a can, duk da ciki. Ka fitar min da su daga haihuwa lafiya, garken ya zama naku kai da Marnie. In ka bar diloli suka yi biki da su, to sai mu san inda aka kwana."

Royce ya ce, "To, Mista Bekken." Abin da ya iya faɗa ke nan, amma ya kwana biyu yana maimaita maganar a ransa.

Garken kudu yana da mai gadi tun kafin zuwan Royce, wani tsohon jaki mai furfura a baki da ake kira Sanata. Orville ne ya raɗa masa sunan saboda yawan kuka, ko da yake yakan ce wannan ya fi na gaske aiki. Jakin ya tsani dila. In ya hango ɗaya sai ya kwantar da kunnuwa ya bi shi da cizo da harbi har bakin waya. Marnie a bayansa ta koyi hawa tun tana 'yar shekara biyar.

Royce dai bai so a ce jaki ne ya yi masa aikin ba. Sai ya je shagon Hollis Pruitt, mai sayar da kayan farauta a garin Carlow, ya sayo wa bindigarsa sabon madubin hangen nesa. Ya daɗe yana zaɓe. Hollis ya jera masa guda huɗu a kan buhun yashi a ƙofar baya, ya ce kada ya dubi abin da rana ta haska, kowane madubi gwani ne a rana, ya dubi ƙarƙashin inuwar rumbun hatsi da ke can ƙetaren layin dogo. A na farko inuwar baƙa ce kawai. A na biyu gefen hoton ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa mai. A na huɗu sai ga tsani a jingine cikin inuwar, har da igiyar da aka ɗaure shi da ita. Shi ya ɗauka, duk da cewa sai da ya haɗiyi yawu da ya ji kuɗinsa.

A saman madubin akwai wani ɗan murfi mai lambobi kewaye da shi. In abin harbi ya yi nisa, sai ka murɗa shi gwargwadon nisan, harsashi ya tashi sama ya sauka daidai inda zaren gicciyen da ke cikin madubin ya zauna. Hollis ya ɗora yatsa a kan murfin ya ce, "Abu ɗaya zan gaya maka, ango. Duk ka murɗa, ka mayar da shi sifili kafin ka sauke bindigar daga kafaɗa. Ba bayan ka sha kofi ba, ba in ka isa gida ba. Nan take."

"Na ji," in ji Royce, idonsa yana cikin madubin.

Ranar Lahadi bayan coci suka fita shi da tsohon zuwa garin kurege, wani fili da kuregen rami ya mayar kamar rariya, har doki ba ya iya ratsawa. Suka ɗora bindigogin a kan murfin injin a-kori-kura. Madubin Orville ya girmi Marnie. Fentinsa ya goge, sau huɗu kawai yake kusanto da abu, gilashinsa kuma ya yi ja-ja kamar ruwan shayi.

Orville ya dubi na Royce ya ce, "Wannan kuma na kallon wata ne?"

"Na ganin abin da naku ba ya gani ne, Mista Bekken."

"Shekara arba'in nawa yana ganin abin da ya kamata ya gani."

"Ku dai leƙa."

"Ni ba na leƙen kayan da ya fi motata tsada."

Royce ya yi dariya, ya auna wani tudun rami can nesa, yadi ɗari biyar da hamsin, inda ido ba ya ganin komai sai rawar zafi. Ya murɗa murfin, ƙas, ƙas, ƙas, ya ja numfashi ya saki rabi, ya taɓa kunamar bindigar. Ƙura ta tashi a kan tudun, kuregen da ke tsaye a kai ya kife.

Tsohon ya dubi tudun. Can ya miƙo hannu, Royce ya ba shi bindigar. Ya sa ido ya daɗe yana kallo, ya karkata wajen kwarin da itatuwa suka yi wa inuwa, ya dawo.

"Hm. Yana da haske," in ji shi. "Har ƙusar jikin shinge nake gani."

Wannan "hm" ɗin ya fi wa Royce komai daɗi tun ranar aurensa. Ya karɓi bindigar ya zura ta a kube, bakinsa har kunne, yana ta tunanin yadda zai ba Marnie labari. Murfin kuwa yana nan inda ya bar shi.

Ranar Talata da sassafe, gari ya waye amma rana ba ta fito ba, ya hau tudun da ke kallon makiyayar kudu. Haihuwa ta kankama, 'yan tumaki farare sun watsu cikin ciyawa. Sai ya ga iyayen sun dunƙule waje ɗaya suna kallon kwari. Dila ne, babba, ya riga ya raba wata tunkiya da ɗanta. Bai fi yadi ɗari da talatin ba. A sabon madubin har raɓar da ke gashin wuyansa ana gani. A can baya kuma ga Sanata ya taho a guje, kunnuwa a kwance.

Royce ya ga jakin. Wannan bai taɓa musanta wa kansa ba daga baya. Ya gan shi, amma ya ce a ransa harbin nan ko yaro ba zai kuskure ba, kuma yana so ya kai wa tsohon dilan da hannunsa kafin jaki ya kore shi. Ya ɗora zaren a kafaɗar dilan ya harba.

Dilan ya zabura, ya suri ɗan tunkiyar ya gangara kwari ko ɗingishi babu. Sanata kuwa ya yi tuntuɓe, ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba, ya yi wani kuka da Royce bai taɓa jin irinsa ba.

Ya sauke bindigar. Idonsa ya faɗa kan murfin. Lambar da ya murɗa ranar Lahadi tana nan tana kallonsa. A wannan ɗan nisa harsashin ya haye bayan dilan da kusan taƙi biyu.

Daga gida ya ji an tayar da mota. Tsohon ya ji harbin da kukan. Royce ya tsaya yana kallon ƙurar motar tana tahowa, sai babban yatsansa ya hau murfin kamar ba shi ya aike shi ba. Ƙas, ƙas, ƙas, har sifili.

Harsashin ya shiga gindin wuyan jakin ya farfashe a ciki, don harsashin harbin dila haka yake yi. Orville ya tuɓe rigarsa ta sama ya danne ramin, jini yana bin yatsunsa. Bai ɗago ba ya ce, "Me ya faru?"

"Madubin ne," in ji Royce. Maganar ta fito da sauƙin da ya ba shi tsoro. "A kafaɗar dilan na ɗora zaren, Mista Bekken. Wani abu ya goce a cikinsa."

Ya jira tsohon ya dube shi irin duban nan nasa. Bai dube shi ba. Ya ce, "Na gan ka ranar Lahadi. Hannunka ba ya kuskure irin wannan. Kira likita."

Likitar dabbobi ta zo ta yi awa biyu tana tsintar gutsattsarin dalma. Ta ce zai iya rayuwa in ciwon bai ruɓe ba, sai dai a wanke shi safe da yamma, kuma kada a sa rai zai sake bin dila bana. Aka kai shi rumfa. Marnie ta zauna a kan dami tana shafa masa hanci, idonta ya yi ja.

"Ba laifinka ba ne, Roy," in ji ta. "Ka zo ka ci abinci, tun safe ba ka sa komai a bakinka ba."

Ya zauna gaban faranti, nama da dankali, ya yi ta juya cokali. Da ta zage shi da ya ci.

Washegari da hantsi Orville ya tsaya da mota a ƙofar gidansu ya danna ƙaho. "Ɗauko bindigar. Za mu wajen Hollis."

"Ai da kun bari, ni zan je da kaina wani lokaci."

"Shiga mota, ɗan birni. Kai kunya za ka ji, ya lallaɓa ka da zaƙin baki. Ni na san shi tun yana da gashi."

Mil talatin ne zuwa Carlow. Royce ya riƙe bindigar tsakanin gwiwoyinsa, yana kallon turakun waya suna wucewa. Sau biyu ya buɗe baki, sau biyu ya tambayi abin da ba shi ba, farashin ciyawa, da ko za a yi ruwa.

A shagon akwai mutum uku zaune kusa da tukunyar kofi, irin waɗanda ba sa sayen komai sai hira. Hollis ya ɗago daga bayan kanta, ya turo tabarau goshi.

"Orv. Ashe kana raye. Na ji an ce Sanata ya sha harsashi, na ce to siyasa ta zo Montana."

Ba wanda ya yi dariya sai mutum ɗaya, shi ma ya haɗiye ta. Orville ya karɓi bindigar daga hannun Royce ya ajiye a kan kanta.

"Ka sayar wa yarona ruɓaɓɓen kaya, Hollis."

Royce ya ji kalmar ta doke shi a ƙirji. Yarona. Shekara biyu yana jiran ta, sai ga ta ta zo a kan ƙarya.

Hollis ya daina murmushi. Ya ɗauki bindigar ya jujjuya, ya gwada ƙusoshin da suka riƙe madubin, ya dubi murfin, ya dubi Royce ɗan lokaci kaɗan, ya kawar da ido. "Mu je baya," in ji shi.

A bayan shagon akwai filin gwaji, yadi ɗari, da tudun ƙasa a ƙarshe. 'Yan kofi suka biyo su da kofunansu. Hollis ya manna sabuwar takarda, ya zauna ya harba uku. Duk suka shiga tsakiya, kwabo ɗaya zai rufe su. Ya murɗa sama ya harba, ya murɗa dama ya harba, ya sauko, ya dawo hagu, ya mayar sifili ya harba na ƙarshe. Na ƙarshen ya shiga ramin na farko. Ya sauke bindigar daga kafaɗa, ya bubbuga madubin da tafin hannu da ƙarfi, ya sake harbawa. Nan dai ya shiga.

"Orv, na sayar da madubin banza a rayuwata, na kuma faɗa wa masu saye na banza ne. Wannan ko naka na zamanin Nuhu bai fi shi riƙe saiti ba, haske kuwa kada ma a haɗa. Ba abin da ya goce a cikinsa."

"To ƙarya yaron ya yi ke nan?"

"Ban ce ba."

"Ka ce mana. Abu yana gocewa ya dawo, ka sani na sani. Yau ya yi lafiya don yana gaban ubangidansa." Muryar tsohon ba ta tashi ba, amma wuyansa ya yi ja. "Shekara talatin da ɗaya ina shigowa shagon nan. Harsashin da na fara koya wa Marnie harbi da shi a nan na saya. Ka karɓi kayanka, ko kuwa ƙafata ta bar nan har abada, kuma duk wanda ya tambaye ni a kasuwar tumaki zan gaya masa dalili."

Hollis ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya tsufa shi ma, hannunsa duk tabo. Garin ƙarami ne, maganar Orville Bekken a kasuwar tumaki kuwa ta fi takardar kotu nauyi. Ya ce a hankali, "To. Zan karɓa. Ba don ya lalace ba, don kai." Ya jawo ɗan maɓuɗin ƙusa daga aljihu ya ɗora a kan ƙusar farko.

Royce yana kallon hannun. Mutumin nan ya sani, tun da ya dubi murfin ya sani, ga shi kuma zai haɗiye don kada ya tozarta shi a gaban surukinsa. In ya yi shiru minti ɗaya kawai, an gama, garken kudu nasa ne.

"Ku bari, Mista Pruitt."

Hollis ya tsaya.

"Ban mayar da shi sifili ba." Muryarsa ta yi ƙasa har sai da ɗaya daga cikin 'yan kofi ya matso. Ya sake faɗa da ƙarfi, yana kallon takalmansa. "Tun ranar Lahadi yana kan ɗari biyar da hamsin. Da na harbi Sanata na duba na gani, na mayar kafin ku iso. Kuma na ga jakin a bayan dilan kafin in harba. Madubin ba abin da ya yi. Ni ne."

Wani jirgin ƙasa na kaya yana wucewa can nesa, aka yi ta jin sa har ya ƙare. 'Yan kofi suka tuna kofinsu ya huce, suka koma ciki ɗaya bayan ɗaya.

Orville bai dubi Royce ba. Ya cire hularsa, abin da ba ya yi sai a coci da makabarta, ya juya wajen Hollis.

"Na ci mutuncinka a gaban mutane, Hollis. A gaban mutane zan janye."

"Kai, rabu da ni, tsohon banza. Ka saya min kofi."

"Kofinka kyauta ne."

"Shi ya sa ba ka taɓa saya ba."

Orville ya shiga ciki duk da haka, Royce yana jin muryarsa ta taga yana gaya wa mutanen nan uku cewa shi ya yi kuskure, kayan Hollis lafiyarsu ƙalau. Wannan ya fi wa Royce ciwo fiye da a mare shi. Hollis ya miƙo masa bindigar, ya yago ɗan jan tef ya manna a gindinta, daidai inda kunci ke kwanciya.

"Duk ka ji shi a fuskarka, ka dubi murfi. Ni ma akwai tankin ruwan wani da na taɓa hudawa, amma ban gaya maka ba."

A hanyar komawa har sun ci mil ashirin. Royce ya gaji da jira ya ce, "In kun ce in bar garken kudu, ba zan ce komai ba."

"Harbin ba shi ya dame ni ba," in ji Orville, idonsa a kan hanya. "Kowa ya riƙe bindiga ya daɗe yana da abin da ba ya son tunawa. Amma ka bar ni na tsaya a gaban abokina ina rantsuwa a kanka."

"Na sani."

"Ba ka sani ba tukuna. Sai ka gaya wa Marnie za ka sani."

Suka wuce gadar rafi, suka shiga hanyar tsakuwa. Da suka iso ƙofar makiyayar kudu tsohon ya taka birki, ya zauna yana kallon tumakin.

"Ba su da mai gadi yanzu, kai ka kwantar da shi. To kai ne jakin. Kafin rana ta fito kana kan tudun nan, kafin ta faɗi kana kai, har a gama haihuwa. Ciwon Sanata kuma kai za ka wanke, ba 'yata ba. Maganar garke, sai kaka in na ga abin da ya rage."

"To, Mista Bekken. Madubin fa? In cire in sa irin naku?"

"Don me? Madubin ya fi nawa. Sauka ka buɗe ƙofa, ɗan birni."

Ya sami Marnie a rumfa da bokitin ruwan ɗumi da tsumma. Ya karɓi bokitin daga hannunta, ya gaya mata a tsaye, bai rage komai ba. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ajiye tsumman a kan dami ta fita, ba ta rufe ƙofar da ƙarfi ba, a hankali ta ja ta.

Royce ya durƙusa kusa da jakin ya matse tsumman. Sanata ya kwantar da kunnuwa, ya juyo da kai kamar zai cije shi, sai kuma ya fasa, ya tsaya yana huci. Royce ya fara wanke ciwon daga gefe, yadda likita ta nuna, ruwan bokitin yana komawa ja.